Amsar tambayarka kan murhun tama na bayan dutse

Wa alaikumus salam dana, ya karatu, ya mutanen gidan. Na ga sakonka kana tambaya wai mene ne wancan rusasshen ginin kasa mai kama da rumbu a bayan dutsen kauyenmu, kuma me yasa tsofaffi ke hana mata zuwa wajen, har abokanka na cewa gidan tsafi ne. To ba gidan tsafi bane, murhun tama ne, tama kuwa ita ce dutsen da ke dauke da karfe, nan kakanninmu suke fitar da bakin karfe, kuma bakaken duwatsun nan masu huji huji da ka gani birjik a wajen kashin makera ne, wato dattin da ya narke ya fita daga jikin tama.

Aikin rani ne, sai an gama girbi an kai amfani gida. Wasu su tafi hakar tama su farfasa ta kanana, wasu su shiga daji saran kirya don gawayinta ne ke da nauyi yana dadewa yana ci, ba kowane ice ke iya wannan aikin ba, kuma gawayin da ake konawa ya fi tamar yawa nesa ba kusa ba. Sai a jera a cikin murhun, gawayi tama gawayi tama har sama, a gindi kuma an soka bututun yumbu zagaye inda iska ke shiga, a sa wuta a kwana ana tsaronta ba mai runtsawa. Ka lura karfen baya zama ruwa kamar yadda yara ke zato, dattin ne ke narkewa ya gangara, shi karfen ya dunkule ya zama curi, sai an fito dashi an kai makera an sake gasawa ana duka da masaba kafin ya zama fartanya ko gatari ko bakin mashi. Shi yasa ake bambanta makeran tama da makeran da ke kira kawai.

Maganar hana mata kuwa, su makeran tama a wajensu murhu kamar mace mai ciki ne, curin karfen shine jaririn, don haka mai aikin baya kusantar iyalinsa har a gama, mace bata zuwa, in aiki ya baci a ce wani ya karya doka. Eh akwai surkulle a ciki da yanka, wannan kam Musulunci ya raba mu dashi Alhamdulillah, amma kar ka hada surkullen da ilimin, mutanen nan da kalar harshen wuta kadai suke gane ko tama ta nuna.

Kuma ba abin jiya bane. A Taruga kusa da Abuja an tono murahun wata tsohuwar al'umma da ake kira Nok, murahun sun haura shekara 2000, a dutsen Dala an samu shaidar aikin tama tun wajen karni na 7, ai tarihin Kano ma cewa yayi makeri ne daga Gaya ya zo neman tama ya zauna. Abin da ya kashe sana'ar shine zuwan Turawa, jirgin kasa ya iso Kano a 1911, karfen waje ya cika kasuwa da araha, daga baya ga sifirin din mota da tarkacen inji, to wa zai sha wahalar saran kirya da kwanan daji alhali ga karfe a bola.

Abin da ke damuna yanzu naji ana kwasar kashin makeran a amalanke ana cike ramukan hanya dashi, har an fara taba gindin murhun. In ka je gida hutu don Allah ka samu Sarkin Makera da mai unguwa ku yi magana a kewaye wajen ko da kaya ce, ka dauki hotuna da wayarka ka turo min.