Amsa: Wace ce Isabella Valancy Crawford, kuma ina zan samu waƙoƙinta?

Ɗan'uwa, tambayarka biyu ce: tarihinta da inda za ka karanta rubutattun waƙoƙinta.

An haife ta a Dublin ta Ayalan, iyayenta suka yi ƙaura zuwa Ontario a Kanada tana yarinya. Mahaifinta likita ne, amma talauci bai bar gidan ba. Bayan rasuwarsa a 1875 ta koma Toronto da mahaifiyarta, tana sayar wa jaridu waƙoƙi da labarai don su ci abinci. Littafi ɗaya tal ta fitar, a 1884, da kuɗin aljihunta. An buga kwafi 1,000, kusan 50 kawai aka saya. A ciki akwai doguwar waƙar "Malcolm's Katie", wadda a ganina da ita ya kamata ka fara. Ta rasu a 1887.

Kula da abu biyu. Tsofaffin littattafai suna cewa an haife ta a 1850, masu bincike na baya-bayan nan sun tsaya a 1846. Sannan tarin waƙoƙinta da edita John Garvin ya shirya a 1905 ya canza wasu kalmominta, don haka kada ka ciro baiti daga can ba ka gwada da bugun 1884 ba.

In aikin digiri ne, rubuta wa ma'adanar Jami'ar Queen's da ke Kingston a Ontario, can rubuce-rubucenta na hannu suke.