Amsa ga Kawu kan rabon gado a Ingila

Kawu, barka da war haka. Ka ce an daɗe da sadakar arba'in amma shiru ba a raba gadon marigayi ba, ko wani ne ya danne? Ba wanda ya danne. Nan ba a kiran malami a baje tabarma a raba. Da banki ya ji labarin rasuwa yake rufe asusun mamaci, gida kuma ba ya sayuwa sai kotu ta ba da takardar izinin taɓa dukiya. Kafin a raba kuma sai an biya bashi, an sallami masu haraji, waɗanda kan yanki kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000, ko da yake akwai rangwame.

Inda gizo ke saƙar shi ne wasiyya. Wanda ya rasu bai rubuta ba, dokar ƙasa ce za ta yi masa rabo, ita kuwa ba ruwanta da tumuni ko sudusi. Mata ta kwashe kayan gida da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya saura. 'Ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida, mace da namiji. Iyayen mamaci ko sisi. Yawancinmu kuwa abin da muka tara bai kai wannan adadi ba, ka ga yara sun tashi a tutar babu ke nan. Matar da aka ɗaura aurenta a masallaci a nan Ingila ba tare da rajista ba ma, wannan rabon bai san da zamanta ba.

Shi ya sa mai hankali a cikinmu yake zuwa wurin lauya tun da ƙafarsa, ya rubuta a raba masa bisa shari'a, da shaidu biyu waɗanda ba sa cikin masu cin wasiyyar. Kotu tana bin takardar, sai dai wata dokar gado ta shekarar 1975 ta ba ɗan da ya ga an ƙware shi damar ƙara cikin wata 6 da fitar izini.

Marigayi bai rubuta ba, Allah ya jiƙansa. Maiɗakinsa da manyan yaran sun yarda a mayar da rabon na Musulunci, kuma doka ta ba da shekara 2 a yi hakan. Autar ce ba ta kai 18 ba, ba mai ikon rage mata kaso sai da amincewar alƙali. Zamansa muke jira.