Kwamfutar da ke mutuwa da kanta in ta ɗau zafi

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka ta hannu ta shekara 6, fankarta na ta ihu, kuma da ka ɗan jima kana aiki sai ta mutu da kanta. Wannan aikin zafi ne. Idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Mu a Maradi ba abin mamaki ba ne, ƙurar hunturu ta shige ta tun Disamba, ga bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40. Sa hannunka a inda iska ke fita. In fanka na juyawa amma iskar ba ƙarfi, to ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fankar da ƙarfen sanyaya. Kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya share, ya riƙe fankar lokacin da yake hura iska. Ka matsa masa ya goge tsohon man sanyaya da ke kan furosesa ya sa sabo, don bayan shekaru bushewa yake yi. Wasu sharar kawai suke yi su karɓi kuɗi.

Ka daina ɗora kwamfutar a kan katifa. Sauke HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, kyauta ce, ka duba zafin kafin gyara da bayansa.

In ka ga batir ya kumbura har ya ɗaga wurin shafa yatsa, a cire shi yau, yana iya kama wuta.