Tallafin hana ambaliya: mu biya kuɗin dosiye a sa sunan unguwarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan wata unguwa a Kuseri ta ƙasar Kamaru, bakin kogin Logone. Ruwa ya ci mana gidaje a 2022, ya sake ci a 2024. Yanzu wani mutum ya zo da takarda mai hatimi, ya ce gwamnati ta ware tallafin gyaran jinga da magudanai, kowane gida ya kawo sefa 5,000 kuɗin dosiye, wato na haɗa takardun neman tallafin, shi zai kai sunanmu Yawunde. Dattawa sun fara tarawa, kuɗin kuma a hannuna yake. Ina tsoron in ba shi su salwanta, ina kuma tsoron in hana tallafin ya wuce mu. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar muku da alheri. Ka riƙe kuɗin nan, kada ka ba shi ko dala.

Ka riga ka san bambancin agajin da ake rabawa bayan ruwa ya yi ɓarna, irin shinkafa da tabarmi da tanti, da kuɗin aikin rigakafi. Na biyun kake tambaya a kai, kuma ƙaramar hukuma ce ƙofarsa. Ko dai ya fito daga kasafin meri, wato ofishin magajin gari, ko daga kasafin ayyukan gwamnati da ake kira BIP, ko daga asusun FEICOM da aka kafa tun 1974 don tallafa wa ƙananan hukumomi, ko kuma daga manyan ayyukan da ake yi da rancen ƙasashen waje.

Abin da nake fama da shi kullum a wajen mutanenmu shi ne zaton cewa wannan kuɗi wani kaso ne da ake rabawa unguwa-unguwa, wanda ya riga kai suna shi zai samu. Wallahi wannan zato ya cinye dukiyar talakawa ba kaɗan ba. Kuɗin rigakafi ba ya shiga hannun mai gida, ba ya shiga hannun bulama, ba ya shiga asusun ƙungiyarku. Ana rubuta aiki, a sa masa kuɗi a kasafi, a fitar da sanarwar kwangila, ɗan kwangila ya yi aikin, baitulmali ya biya shi. Dubi abin da aka yi bayan ambaliyar 2012. A 2013 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 108 don aikin gaggawa na yaƙi da ambaliya da ake kira PULCI, aka gyara madatsar Maga mai tsawon kilomita 27 da jingar Logone ta wajen kilomita 70 tsakanin Yaguwa da Pus. Motocin aiki mutane suka gani da ƙasa da duwatsu. Ba a bi gida-gida ana karɓar kuɗin rajista ba.

Akwai ma doka. Dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ta hana ƙungiyar da ta yi rajista kawai a ofishin ferefe, wato babban jami'in mulki na yanki, karɓar tallafin kuɗi daga hukuma, sai wadda aka amince da ita a matsayin mai amfanin jama'a baki ɗaya. To ta wace hanya mutumin naku zai sauke kuɗin gwamnati a asusun matasan unguwa?

Na san irin takardun nan. Hoton tuta a sama, hatimi mai shuɗi wanda idan ka shafa shi da yatsa za ka ji ba tawada ba ce, injin kwafi ne ya buga shi, babu lambar wasiƙa, a ƙasa kuma lambar wayar mutum ɗaya da za a tura wa kuɗi ta Orange Money. Kuɗin hukuma ana biyansa ne a wajen ma'ajin meri ko baitulmali, a ba ka rasit. Ka ce masa ya zo ku je wajen babban sakataren meri tare, ya nuna sunan aikin a rubuce. Ka ga ko zai zo.

Abin da ya fi ɓata mini rai ba sefa 5,000 ɗin ba ne, jiran da ke biyo baya ne. Unguwa ta biya, hankali ya kwanta, kowa yana cewa an kai sunanmu. Babu mai yashe kwata, leda da yashi sun toshe bakin kwalbati. Masu bulo suna ɗiban ƙasa a gindin jinga, mai lambu ya huda ta ya sa bututu don ban ruwa, ramukan ɓera sun ratsa ta, ba wanda ya tanka tunda gyara na nan tafe. Ruwan Logone kuwa a Kuseri yakan kai ƙololuwa ne wajen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan sama ta ɗauke, lokacin da mutane suka saki jiki. Ramin da yaro zai toshe da kwano biyu na laka a watan Mayu shi ne ke ɓallewa da tsakar dare.

Ban wanke hukuma ba. Dokar ƙananan hukumomi ta 2019 ta ce a ware musu aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, abin da ke isa hannunsu bai kai haka ba. Takarda takan kwana a tebur har damina ta wuce. Wannan jinkiri shi ke buɗe wa 'yan damfara kasuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma hanyar ita ce dai hanyar.

Ga abin yi. Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsarin raya ƙasa, wanda shirin gwamnati na raya ƙasa tare da jama'a, PNDP, ya taimaka aka rubuta. Aikin da ba ya cikin kundin nan da wuya ya samu kuɗi. Ku je ku duba ko jingarku tana ciki. Ku rubuta buƙata zuwa ga magajin gari, da sa hannun bulama, ku ba suferefe, wato jami'in mulki na gundumarku, kwafi. Kada ku ce "a taimaka mana" kawai. Ku auna tsawon wurin da ya lalace da mita, ku ƙirga gidajen da ke bayansa, ku haɗa hotunan alamar da ruwa ya bari a bango, ku faɗi makaranta ko asibitin da ke cikin haɗari. Ku karɓi shaidar ajiye takarda mai kwanan wata. Sannan ku matsa wa kansilanku, domin a ƙarshen shekara majalisa ke amincewa da kasafin baɗi, wanda ya kai takarda a Agusta ruwa na bakin ƙofa ya makara da shekara guda. A farkon shekara kuma ku nemi jerin ayyukan BIP ku ga ko an sa ku.

Kuɗin da ke hannunka amanar mutane ce, ciki har da na zawarawa da tsofaffi, kuma za a tambaye ka a kanta. Ka tara dattawa da liman a ƙofar bulama, ka karanta sunan kowa da abin da ya bayar. Wanda yake son nasa a mayar masa. In sun yarda, a sayi buhuna da shebur da baro, a rubuta kowane sefa, ku fara da bakin kwalbatin da ya fi toshewa tun kafin ruwan farko.