Amsa: Me masu sharhi suka gani a The Simpsons?

Malam, ka tambaya me ya sa masu sharhi suka ɗauki wannan katun da muhimmanci haka, alhali kai ganin na yara kake masa. To ai ba don yara aka yi shi ba. Tun da tashar talabijin ta Fox ta fara nuna shi a Disambar 1989, iyalin Amurka yake yi wa tsirara: Homer, uba malalaci mashayin giya da ke aiki a tashar nukiliya, ɗa mai taurin kai, 'yan siyasa maƙaryata. Har Shugaba Bush babba ya soke shi a 1992, amma a 1999 mujallar Time ta zaɓe shi shirin talabijin mafi kyau na ƙarni na 20.

Sai dai yabon bai ɗore ba. Yawancin masu sharhi sun ce daga ƙarshen shekarun 1990 armashinsa ya ragu, kuma wallahi na yarda da su. Homer na farko wawa ne mai tausayi. Za ka ga ya yi ɓarna, ya dawo gaban matarsa Marge kansa a sunkuye. Na baya kuwa sai ihu da ganganci.

Ga kuma rigimar Apu, ɗan Indiya mai kanti, da aka ce izgili ne ga Indiyawa, har Hank Azaria ya daina yin muryarsa a 2020.

In za ka kalla, fara da zango na 4 na shirin.