Farantai huɗu sun isa a ce an samu sabon nau'in kaiton?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce ka wanke yashin da kuka ɗebo daga tsohuwar shimfiɗar teku ta zamanin Mayosin, wato wani zamani na tarihin ƙasa da ya wuce tun miliyoyin shekaru, ka tsinci farantai huɗu na burbushin kaiton waɗanda ba su yi kama da hotunan da kake da su ba, kana son sanin ko sun isa ka raɗa musu sabon suna. To ta fuskar doka ko faranti ɗaya ma ya isa, amma ni dai shawarata ka dakata tukuna ka koma kan rariya, zan gaya maka dalili.

Kaiton ɗan uwan dodon koɗi ne, yana manne wa duwatsun teku, sai dai shi ɓawonsa farantai 8 ne a jere a gadon baya, na kai ɗaya, na tsakiya 6, na wutsiya ɗaya, tsoka da wata fata mai kauri da ta zagaye su ne ke riƙe da su. Yana mutuwa naman ya ruɓe shi ke nan kowane faranti ya kama gabansa, ruwa ya cakuɗa su da na wasu. Samun cikakke a haɗe abu ne mai wuyar gaske, sai a wurare irin Mazon Creek a jihar Illinois ta Amurka inda laka ta binne su da wuri fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce. Kai kuwa abin da ke hannunka tarkace ne, ba ka ma da tabbacin cewa huɗun nan na nau'i ɗaya ne.

Kuma ko a jikin dabba ɗaya farantan tsakiyar nan ba tagwaye ba ne. In ka fara ƙirga daga farantin kai, na biyu yakan fi saura tsawo, na bakwai yakan tsuke, ƙaramin kaiton zanen bayansa bai kai na babba yawa ba domin layukan suna ƙaruwa suna rabuwa biyu yayin da yake girma. Idan ba ka taɓa warware na zamani da hannunka ba wallahi sai ka fitar da nau'i uku daga dabba guda. Ka nemi na yanzu ko da biyu ne, ka jiƙa a ruwan bilic marar ƙarfi har naman ya narke, ka jera farantan daga 1 zuwa 8 a ƙarƙashin madubin duba ƙananan abubuwa ka yi ta kallo. Wannan ya koya min abin da karatun shekara bai koya min ba.

Ni abin ya taɓa faruwa da ni lokacin ina ɗalibi. Na samu wasu farantai sumul, ba ƙuraje ba layi, na yi wata uku ina aunawa ina zanawa, raina ya gama kwanciya cewa sabo ne. Ranar da muka sa su a madubin lantarki, a wani ɗan lungu gefen tudun da ya ratsa farantin inda yashi bai samu ya goge ba, sai ga ƙuraje kamar guda goma a jere, irin na wani nau'i da aka daɗe da sani sak. Igiyar ruwa ce ta goge saman. Na ji zafin abin sosai, amma da an buga shi fa sunan yana nan har abada, sai wani ya zo ya ɓata lokacinsa yana gyara kuskurena.

Don haka ka juya farantin ka duba cikinsa, mutane suna mantawa da nan. Ɓawon hawa biyu ne da suka fi muhimmanci, na sama mai zane da ƙananan ramuka na jijiyoyin ji shi ake kira tegmentum, na ƙasa kuma atikulamentum, shi ne yake leƙowa ta gaba kamar fukafukai biyu da ke shiga ƙarƙashin farantin da ke gabansa, ta gefe kuma ya yi haƙora masu tsaga da ke kama fata. Ka ƙirga tsagar. Dangin Leptochiton ba su da waɗannan haƙoran sam, Acanthochitona yawanci tsaga 5 ne a farantin kai kuma zanen saman ya tsuke, su kuma Chiton haƙoransu tsefe suke kamar mataji. Da wannan kaɗai ka rage rabin wahala. A farantin wutsiya ka dubi ƙololuwar nan da ake kira mukro, a gaba take ko a tsakiya ko a baya, gangaren bayanta miƙe yake ko ya lotsa. Amma kar ka rataya sabon suna a kan yawan tsaga kawai, yana ɗan sauyawa a cikin nau'i ɗaya.

Wajen wanki ka yi a hankali, ɓawon aragonait ne, wani ma'adini dangin alli, asid na taɓa shi ya narke, injin girgiza ruwa kuma yana karya fukafukan. Ka sauka zuwa rariya mai rabin milimita, yawancin farantan da nake samu ba su wuce milimita 2 zuwa 5 ba, a babbar rariya zubewa suke. Ni ba na sakin jiki sai na tara kala ukun duka, kai da tsakiya da wutsiya, daga shimfiɗa ɗaya, manya da ƙanana, zanensu ya yi daidai da juna.

In duk ka bi wannan abin ya tsaya a sabo, to sauran doka ce. Tun daga shekarar 2000 dokar sunayen dabbobi ta ce dole ka faɗa ƙarara cewa sabon suna ne, ka ware samfurin da sunan zai rataya a kansa, ka faɗi wurin da aka adana shi, sannan ga tsohuwar dokar da ta riga wannan, cewa ka rubuta da kalmomi abin da ya raba shi da makusantansa. In mujallar ta intanet ce kawai, tun 2012 sai an yi rajistar aikin a ZooBank, wato kundin rajistar sunayen dabbobi na intanet. Holotayif ɗinka, wato samfurin nan da sunan zai rataya a kansa, faranti ɗaya ne tak, ka zaɓi wanda ya fi ɗaukar alamomi, ni nakan fi son na wutsiya in bai lalace ba, domin gobe in an gano ka haɗa nau'i biyu sunan zai bi wannan farantin ne, sauran su koma wani wuri. Kuma ka gwada da masu rai ma, ba burbushi kaɗai ba, Mayosin ya ƙare shekara miliyan 5.3 ne kawai da suka wuce, akwai na lokacin da suke kama da na yau ƙwarai.

In kuma kayan ba su kai ba, ka rubuta sunan jinsin ka bi shi da sp. (ba a tantance nau'in ba) ko cf. (yana kama da wani sanannen nau'i), ka sa hotuna masu kyau, babu abin kunya a ciki, manyan masana ma haka suke yi. Yanzu dai ka turo hoton kowanne ta sama da ta ciki da ta gefe, da ma'auni a kusa, ka kuma gaya min ko akwai na wutsiya a cikin huɗun.