Tambaya da Amsa: Girkin Sallah Domin Dattawan Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Uwargida. Ni amarya ce a Daura, kuma bana zan yi Babbar Sallata ta farko a gidan miji. Surukata da kakar maigidana za su wuni a wurina bayan an sauko daga Idi, sai dai ba sa cin soyayyar shinkafa da taliya, waɗanda su na fi iyawa. Me zan girka musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki yi musu tuwon shinkafa da miyar taushe, domin a idon dattawanmu wannan shi ne abincin Sallah, kuma abin da za su duba shi ne laushi da ƙamshin daddawa, ba yawan kayan haɗi ba.

Ki sami shinkafar tuwo ta gida, ki jiƙa ta tun da asuba, ki bar ta a kan wuta har ta narke kafin ki sa muciya, sannan bayan kin tuƙa ki rufe tukunyar ta turara, don kada tsohuwa ta ci karo da tsaba a baki.

Miyar ce ta fi bukatar natsuwa. Ki tanadi nama mai ƙashi tun jajibere, tunda naman layya ba ya samuwa da wuri, ki dafa shi da albasa da dakakkiyar daddawa har sai ya rabu da ƙashi da kansa, saboda haƙoran Kaka. Ki zuba kabewa ta dahu ki dame ta, ki sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa, sannan alayyafo da 'yar yakuwa su shiga a ƙarshe. Attaruhu kaɗan ya isa. Ki ajiye yaji a gefe ga mai so.

Ina roƙonki ki sassauta hannu a kan gishiri da dunƙule, domin hawan jini ya yawaita ga masu shekaru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya.

Ki soya man shanu da albasa ki kai shi a ƙaramin kwano, ki dama fura da nono ba sukari domin la'asar. Kafin ranar kuwa, ki je ki durƙusa ki tambayi Hajiya yadda take son tsamin miyarta, domin ba duk dattijo ne ke jure yakuwa ba.